Laftof ta mutu da kundin bincike a ciki: yadda muka ciro shi ta wata kwamfutar

Laftof ɗin ta wani ɗalibin digiri na biyu ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, irin ta hannun nan da ake shigowa da su daga Turai, ƙirar wajen 2015. Yana cikin aiki da dare aka maido da wuta da ƙarfi, ya ji warin ƙonewar roba, daga nan ko fitilar caji ba ta sake kawowa ba. Babi huɗu na kundinsa suna ciki, haɗe da bayanan da ya tattaro a ƙauyukan Wamakko da Kware. Da ya ajiye ta a kan tebur sai ya ce, "Injiniya, a bar batun gyara tukun, aikina nika so a hiddo min."

Daidai ya tsara abin. Ciro bayanai ake fara yi kafin gyara, domin galibin fayilolin da ake rasawa ba lalacewar farko ce ke cinye su ba, abin da aka yi bayanta ne. Shi ya sa kafin na ɗauki sukuddireba sai da na yi masa tambayoyi. An kai ta wani wuri an yi ƙoƙarin sa mata sabon Windows? Ta taɓa faɗuwa tana kunne? Ya taɓa jin wata ƙara daga cikinta, ko ta riƙa maƙalewa in zai buɗe folda? Ya ce ba a taɓa ta ba, ba ta faɗi ba, amma kwanan baya takan yi nauyi in ya shiga wurin hotuna. Na riƙe wannan amsar ta ƙarshe a raina.

Sai gwajin da ba ya buƙatar kwance komai. Na auna cajar da mita, volt 19.5 ya kamata ta bayar, ba ta ba da komai ba. Na sa wata mai lafiya, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, na sake gwadawa. Shiru, fanka ba ta motsa ba. Ke nan wutar ta wuce caja ta taɓa bod, wato babban allon da duk sassan laftof ke jone a kansa. Da a ce fanka ta juya, kuma fitilar Caps Lock tana kawowa tana ɗaukewa in an danna, to sikirin ne kawai ya tafi. A nan ba sai an buɗe komai ba: a jona wayar HDMI ko VGA a talabijin, a danna Windows da P tare, a kwashe fayiloli a filashi, an gama.

Akwai tambayar da kusan kowa ke yi, shi ma ya yi ta: ba za a iya haɗa laftof ɗin da wata ta wayar USB a kwashe ba, kamar yadda ake yi wa waya? Ba za a iya ba. Ramin USB na laftof an yi shi ne ya ba da wuta ya kuma yi umarni, in ka haɗa biyu da waya mai kai iri ɗaya kowanne zai tura wa ɗan'uwansa volt 5, ƙarshenta ka ƙona ramin mai lafiyar. Akwai wayoyin tura fayil masu ɗan ƙulli a tsakiya, amma sai kwamfutocin biyu suna kunne suke aiki. Mac ce ta fita daban. A tsofaffin masu Intel, in ka danne T lokacin kunnawa sai ta zama kamar faifan waje ga wata Mac ɗin. A masu M1 da suka fara fitowa a 2020 da na bayansu, ana shiga Recovery ne a zaɓi Share Disk. Ko su ɗin sai bod yana da rai. Don haka in aka ce za a haɗa matacciyar laftof da wata kwamfuta, faifan ajiyarta ake nufi: a ciro shi a jona shi a can.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin sukuddireba mai bakin giciye, lamba 0 ko 1, da tsohon katin banki na ɓamɓare murfi, da farar takarda. A kan takardar nake zana bayan laftof ɗin, kowane noti na kwance in ɗora shi a inda ya fito, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti in ya shiga gajeren rami yakan huda bod ko ya ɓullo ta gefen kibod. In batirin na ciki ne, soket ɗinsa ake fara zarewa da zarar an ɗaga murfi. A lokacin hunturu kuma a ƙara kula. Iskar Sakkwato ta bushe ƙarau, jiki yana tara wutar nan da ke ɗan jan mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta kashe ƙananan sassan da ke jikin faifai. A yi aiki a kan teburin katako, ba a kan darduma ko bargo ba, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa faifan, a riƙe shi ta gefe da gefe.

Abin da muka tarar faifai ne mai juyawa, inci 2.5, SATA, GB 500, mai zagaye 5400 a minti. Yana cikin ɗan firam da noti huɗu. Zame shi ake yi baya ya fita daga soket, ba a ɗaga shi sama. A wasu ƙirar akwai ɗan adafta baƙi da ke maƙale a bakinsa, in ba a cire shi ba sai mutum ya ɗauka wani irin faifai ne na daban. Bakin SATA na gaskiya kashi biyu ne, gajere mai haƙori 7 na bayanai, da dogo mai 15 na wuta.

Tun da wuta ce ta yi ɓarnar, na juya faifan na duba koren allon da ke ƙasansa, na kuma sansana. Babu baƙin tabo, babu wari. Da ya ƙone, da ba zan jona shi ba. Canja wannan allon ma ba a yin sa haka kawai, ko da an sami na faifai iri ɗaya, domin kowane faifai yana da bayanan saitinsa a wani ɗan ƙaramin sashe, galibi mai ƙafa 8, wanda sai an ɗauke shi an mayar a kan sabon allon.

Da sabuwar laftof ce, wataƙila M.2 za a tarar, faifan SSD ne, wato wanda ba ya juyawa, ɗan siriri mai noti ɗaya a ƙarshensa, wanda in an kwance yake ɗagowa da kansa sai a zare. Lambar 2280 da ake gani na nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80. Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne wajen sayen kesin da ake sa shi a ciki a jona ta USB, domin M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma kesin na ɗaya ba ya karanta ɗayan sai in an rubuta yana ɗaukar duka biyun. Mai tsaga biyu a baki galibi SATA ne, mai tsaga ɗaya galibi NVMe, amma na ce galibi; rubutun da ke jikinsa shi ne alƙali. A tafi da faifan kasuwa, ko a ɗauki hotonsa a waya.

Namu na jona shi da wayar SATA zuwa USB. Batun wuta yana da muhimmanci a nan. Ramin USB 2.0 miliamp 500 yake bayarwa, USB 3.0 mai shuɗin ciki 900, shi kuwa faifai mai juyawa yakan nemi kusan amp 1 a lokacin da zai tashi. In wutar ba ta ishe shi ba sai ya riƙa ɗan ƙas-ƙas yana tashi yana mutuwa, mutum ya yanke masa hukuncin ya lalace alhali lafiyarsa lau. A sa a shuɗin rami kai tsaye, ban da abin rarraba ramuka, ko a nemi waya mai kai biyu. In akwai kwamfutar tebur a kusa, jona shi a cikinta da wayar SATA ya fi duka, saboda adaftocin USB masu araha suna rikicewa da zarar sun ci karo da wurin da ba ya karantuwa.

Ita ma kwamfutar da za ta karɓa sai da aka shirya ta. Batirinta cike, tana kan inbata, an hana ta yin barci, an sabunta mata maganin bairos, domin laftof ɗin ɗalibi da filashinsa ke yawo shagunan buga takardu ba a rasa ta da bairos ɗin nan mai mayar da folda gajeriyar hanya. Wurin zubawa faifan waje ne na TB 1 mai tsarin NTFS. Kada a yi amfani da FAT32, ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce GB 4. Sai zafi. A watan Afrilu ma'auni yana haura digiri 40 a garin nan, yawancin faifan laftof kuma iyakarsu 55 zuwa 60 ce, ga shi zai yi awanni yana juyawa ba hutu. Na bar shi tsirara a kan tebur, na kunna masa ƙaramar fanka.

Da aka jona, kunne na fara kai wa, ba ido ba. Lafiyayyen faifai yana tashi da ɗan shuu, ya yi ƙaras-ƙaras kaɗan, ya daidaita. Wanda ke maimaita ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, alluran karatunsa ne suka sami matsala. Wanda ke ɗan kuka siriri ba ya juyawa, allurar ce ta manne ko injin ya cije. A waɗannan biyun zarewa ake yi nan take, domin kowane sake kunnawa yana iya kankare fuskar da bayanan ke kwance a kai. Namu ya tashi lafiya.

Windows ta nuna ɓangare ɗaya kawai. Na danna Windows da X na shiga Disk Management, na ga faifan da ɓangarorinsa: ƙaramin EFI mai MB 100, wani na Recovery, sai manya biyu. Ɗayan ba shi da harafi ne kawai, na ba shi ta Change Drive Letter and Paths. A wannan matakin ne ake kashe aiki. Wani lokaci Windows takan fito da saƙo cewa sai an yi Format kafin a yi amfani da faifan, ko ta nemi a yi Initialize, ko ta ba da shawarar Scan and fix. Duka ukun ba a yarda da su, Cancel ake dannawa ko a rufe saƙon. Dokar aikin gaba ɗaya ita ce karatu ake yi daga faifan, ba a rubuta komai a kansa, ko manhajar ceto ce ba a sauke ta a can. CHKDSK da wasu masu gyara ke garajen bugawa, aikinsa ya daidaita lissafin faifai ne ko da zai yanke fayilolin da suka rikice ya zubar. A kan faifai mai ciwo, garin neman gira ake rasa ido.

Kafin kwafar komai na buɗe CrystalDiskInfo, kyauta ce. Tana karanto rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa, ta nuna shuɗi in lafiya, ruwan ɗorawa in da matsala, ja in ya kusa tafiya. Ruwan ɗorawa ta nuna. Layi uku nake dubawa: 05, wuraren da suka lalace aka sauya su, C5, waɗanda ke jiran hukunci saboda sun ƙi karantuwa, da C6, waɗanda aka kasa gyarawa. C5 ba sifili ba ne. Ga dalilin nauyin da yake ji a wurin hotuna. Ashe tun kafin wuta ta yi nata, faifan ya fara gajiya, kuma wannan ya canja tsarin aikin: ba za a zaɓi komai a ja gaba ɗaya ba, mafi tsada za a fara fitarwa.

Fayilolin mutum suna cikin Users, a foldar da ke ɗauke da sunansa. Da na danna, Windows ta ce ba ni da izini, ta ba ni Continue. Danna shi yana aiki, amma yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana canja musu izini, wato yana rubutu a faifan, kuma yakan ɗauki lokaci. Kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana komai a nan, wannan izinin ne kawai, kuma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne daban da Windows, ba ta kula shi. Don haka na kashe kwamfutar, na tashe ta da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi mai GB 8 da aka haɗa da manhajar Rufus, na zaɓi Try Ubuntu. In laftof ta mutu ba tare da an kashe ta daidai ba, Ubuntu takan buɗe faifan a matsayin na karatu kawai, wanda dama shi muke so.

BitLocker, makullin Windows da ke kulle bayanan faifai gaba ɗaya, shi ne abin da ba ya da hanyar zagayawa. Namu ba shi da shi, amma yanzu yana ƙaruwa, musamman tun fitowar Windows 11 ta 24H2 da ke kunna shi da kanta a kwamfutoci da yawa in an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗinsa yana cikin wani sashe na bod da ake kira TPM, da zarar faifan ya bar wannan bod ɗin sai ya nemi lambobi 48. Ana samun su in mai laftof ya shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da asusun da aka saita ta da shi. In ta ofis ce ko ta makaranta, suna hannun masu kula da kwamfutocin wurin. Matsalar da muke gani a nan ita ce mai shagon da ya saita laftof ya buɗe asusun da imel ɗin da mai ita bai ma san da shi ba. In lambobin nan suka ɓata, babu manhajar da za ta buɗe shi, duk wanda ya ce zai fasa kuɗinka kawai zai ci.

Foldar kundin muka fara kwafa, ba ta kai GB 1 ba. Ban wuce ba sai da mai ita ya buɗe kowane babi ya gangara har ƙarshe, domin ganin sunan fayil ba ya nuna cikinsa lafiya. Daga nan fayilolin SPSS masu ƙarewa da .sav, da foldar Zotero da ke zaune kai tsaye a ƙarƙashin sunansa, wadda ake yawan mantawa da ita alhali duk madogaransa suna can. Sai Desktop, Documents da Downloads, da ɓangaren D. Na leƙa AppData, wadda a ɓoye take: a Roaming, Microsoft, Word ake samun abin da Word ta adana da kanta kafin wuta ta ɗauke, kuma mun sami shafukan daren da abin ya faru a fayil mai ƙarewa da .asd. Abu biyu na gaya masa tun da wuri. Manhajoji irin su Office da SPSS ba sa kwafuwa, sai an sake sa su. Kalmomin sirrin da Chrome ta adana kuma a ɗaure suke da tsohon asusun Windows, ba za su buɗu a wata kwamfutar ba sai in dama yana haɗa su da asusun Google. Mai amfani da OneDrive shi ma ya lura, wasu fayilolin da zai gani a foldar suna ne kawai, ainihinsu yana intanet.

A foldar hotuna kwafar ta cije, kamar yadda aka zata. Ga wanda faifansa ke da lafiya kuma yake cikin Windows, robocopy ya fi ja da linzami, saboda ba ya tsayawa jiran amsa (F ne faifan da aka ciro, E kuma wurin zubawa):

robocopy F:\Users\suna E:\Ceto /E /R:1 /W:1 /XJ

Kada a bar /R da /W. In ba a sa su ba, zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan 1, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani. Amma faifan da C5 ɗinsa ya fara hawa, hotonsa ake ɗauka gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa a fayil guda, da manhajar ddrescue, a koma aiki a kan hoton. A Ubuntu sunan kunshin gddrescue. SystemRescue kuwa, wata Linux ta aikin ceto, tana zuwa da shi a ciki, abin da ke da amfani in data ta yi ƙaranci. Na fara buga lsblk -o NAME,SIZE,MODEL don in tabbatar wanne ne faifan, ya fito a sdb. Daga cikin faifan waje na buga:

sudo ddrescue -n /dev/sdb faifai.img taswira.map

Wannan zagayen yana kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake wurare masu wuya. Bayan ya gama:

sudo ddrescue -d -r3 /dev/sdb faifai.img taswira.map

Shi kuma ya koma kan waɗanda aka tsallake, sau 3. A layin umarnin, sunan mai ciwo ne ke fara zuwa, wurin zubawa ya biyo baya, a karanta layin sau biyu kafin a danna Enter. Fayil ɗin taswira shi ne abin da ya sa nake son wannan manhajar a gari irin namu: in wuta ta ɗauke ko faifan ya yi zafi an dakata, umarnin nan dai za a sake bugawa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Hoton yana cin girman faifan duka, GB 500, ko da rabinsa fanko ne. A USB 3.0 faifai irin wannan yana ba da MB 80 zuwa 100 a daƙiƙa a wuri mai kyau, kusan awa biyu ke nan. A USB 2.0 da ba ya wuce 35 sosai, a lissafa awa huɗu zuwa biyar. Wuraren da suka lalace su ke jan lokacin fiye da haka.

Da ya kammala, abin da ya ƙi karantuwa 'yan megabait ne. Na buɗe hoton da Disk Image Mounter, wanda ke buɗewa a matsayin karatu kawai, na kwashe sauran. Wasu hotuna sun fito rabi toka-toka, bidiyo ɗaya yana tsayawa a tsakiya. Da ɓangaren ya nuna RAW ne ya ƙi buɗuwa, da TestDisk zan sa a kan hoton, ya jero fayilolin da sunayensu a kwafa. PhotoRec shi ne makoma ta ƙarshe, yana tono fayiloli amma ba suna ba folda, sai lambobi dubbai da mai su zai zauna ya tantance. A SSD kuwa kada a sa rai da abin da aka riga aka goge, tsarin TRIM yana share shi ba da jimawa ba.

Dabarar sa faifai a firji da ake yaɗawa, raɓa take tara masa a ciki in an fito da shi. Buɗe murfin ƙarfensa a shago kuma ya fi muni: tazarar allura da fuskar faifai 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta ninka ta sau ɗaruruwa. Wannan aikin masu ɗakin da ake tace iskarsa ne, kuma faifan da ba a taɓa buɗewa ba ya fi samun sa'a a hannunsu.

Na ba shi kwafi a faifan waje, ya ɗora foldar kundin a Google Drive, inda GB 15 na kyauta ya ishe shi har da rara. Bayan ya tabbatar komai ya buɗe, na goge abin da ya rage a kwamfutar shago a gabansa. Kayan mutane amana ne, kuma ba a buɗe hotunan da ba a ce a buɗe ba. Tsohon faifan ba zai koma cikin laftof ba ko an gyara ta, SSD za a sa.

Duk wannan ya yiwu ne saboda faifan yana ciruwa. Ƙananan laftof masu araha da ke da GB 32 ko 64, ajiyarsu eMMC ce da aka liƙe da dalma a jikin bod, yawancin MacBook tun daga 2016 su ma ajiyarsu a liƙe take, kuma masu T2 da masu M1 zuwa sama bayanansu a kulle suke da wani sashe na bod ɗin kansa. A irin waɗannan babu abin da za a zare a jona a wani wuri. Sai an nemi mai gyaran bod na gaske, wanda zai bi layin wuta da mita ya gano abin da ya ƙone, ya tashe ta ko da na awa ɗaya ne a kwashe. A faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa bayanai ake nema, kada ya canja bod, domin in ya canja, laftof za ta dawo tana aiki amma fayilolin sun tafi da tsohon.